Akwatin EZ-Magna RIP a Kan Ƙwayoyin Beta: Amfaninsa da Iyakarsa

Idan sukari ya hau a jini, furotin PTBP1 kan kama wutsiyar mRNA (saƙon da ƙwaya ke bi ta ƙera furotin) na insulin ya tsare shi daga lalacewa, furotin HuD kuwa, idan sukari ya sauka, yana kama goshinsa ya rage yawan insulin da ake ƙerawa. Mai son ganin wannan kamu a ƙwayoyin beta na fankiriyas, masu ƙera insulin, zai amfana da akwatin EZ-Magna RIP na kamfanin Millipore, wanda ke zaƙulo furotin tare da RNA ɗin da ya kama, amma da sharaɗi.

Akwatin na gwaji 12 ne. Ana haɗa maikirolita 50 na ƙwayoyin maganaɗisu da maikirogiram 5 na antibodi (mai kama furotin ɗin da ake nema), a bar su minti 30, a zuba maikirolita 100 na ruwan fasassun ƙwayoyi, a juya a sanyin digiri 4 daga awa 3 zuwa kwana. Sai wanki sau 6, sannan Proteinase K ya narkar da furotin a digiri 55 na minti 30. Abin yabo shi ne antibodin furotin SNRNP70 da firamomin gano U1, RNA ɗin da yake kamawa, da ke ciki don tabbatar da aikin: idan U1 bai fito ba, aikin ne ya lalace, kada a zargi PTBP1.

Inda gizo ke saƙar shi ne yawan mRNA na insulin a ƙwayar beta. Don yawansa, yakan manne ko da a IgG na gwadawa, antibodin da bai kamata ya kama komai ba, sai a ga kamar an samu kamu alhali datti ne. Kada a rage wanki, a ajiye kashi 10 cikin 100 na ruwan farko don awo, a kuma duba wani mRNA da ba ruwansa da furotin ɗin. A ɓera, a raba firamomin Ins1 da Ins2, jinsunan insulin biyu da ɓera ke da su.

Umarnin ya nemi ƙwayoyi kusan miliyan 20. Wannan mai sauƙi ne da MIN6 ko INS-1, ƙwayoyin beta da ake rainonsu a ɗakin bincike, amma tsibiran Langerhans (tarin ƙwayoyin fankiriyas inda beta suke) na ɓera ɗaya ba su kai ko kusa ba. Ga kuma RNase, mai narkar da RNA, da ya cika sauran naman fankiriyas. Tsibiran da ba a tsince da kyau ba sukan cinye RNA kafin a fara.

Tunda ba a ɗaure furotin da RNA da hasken UV, wasu kan haɗu bayan fasa ƙwaya. Mai neman ainihin gurbin kamu sai ya koma ga CLIP, dabarar da ke ɗaure su da UV tun kafin fasa ƙwaya.