Jardan mai allo ko jardan mai gwangwanin wake?

Ƴar'uwa, kin ce kin zagaya jardan biyu, wato makarantun ƙananan yara kafin firamare, don yaronki mai shekara 4. A ɗaya yara na zaune a tabarma suna maimaita baƙaƙe da ƙirga da Faransanci. A ɗayar kin tarar da su suna cika gwangwanaye da ƙasa, riguna duk sun yi buɗu-buɗu. Kika ce ranki ya fi kwantawa da ta farko, don ita ta yi kama da lakwal. Na daɗe ina riƙe da ajin CI, wato ajin farko na firamare, a nan Maradi, kuma yaran irin waɗannan azuzuwa biyu duk sun bi ta hannuna.

Ta farkon ba a banza take ba. Yaro zai saba da zama wuri ɗaya, da bin layi, da riƙon alli. Kafin wata biyu zai dawo gida yana rera ƙirga har 20, kowa ya ji daɗi. Mu kuma ba baƙin hadda ba ne, da ita muka tashi a makarantar allo. Amma ki zuba masa ƙwayar gyaɗa 7 ki ce nawa ce. Da yawansu yatsa na kan ta biyar, baki ya kai tara. Ya san waƙar lamba, bai san lamba ba tukuna.

Ta biyun ce ke son a tsaya a duba. Ana komawa lakwal a Oktoba, lokacin kaka, wake na ko'ina. Malama ta ba kowane yaro gwangwanin tumatir da aka huda gindinsa, ya ƙirga wake uku da kansa ya shuka. Sai ta ware gwangwani biyu na aji: ɗaya a hana shi ruwa, ɗaya a sa shi cikin duhun kwali ana ba shi ruwa. Kwana huɗu zuwa biyar wake ya tsago. Kowace safiya yaro ya auna tsironsa da tsinke, a karya tsinken daidai tsawon, a jera a bango. Bayan mako biyu ga tsinkaye kamar matakala, yaro na nuna miki wanne ya fi wanne, da kwana nawa aka yi. Na cikin kwali kuwa ya yi tsawo, siriri, ganyensa ya koɗe ya yi rawaya, ba ƙarfi. Ranar da aka buɗe shi aji ya rikice da "don me?". Nan malama ke samun ƙofar zancen rana da ruwa, da saiwa da ganye, da Hausa tukuna, sannan ta ba su sunayen da Faransanci, su kama don abin na hannunsu.

Haka wasan kasuwa da marafen kwalba a matsayin dala, haka ginin tukunya da yumɓu da motar kara. Yatsun da suka murza yumɓu ba sa shan wahalar alli a CI. Ba sabon abu ba ne ma: Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa irin wannan makaranta suna a 1840, "lambun yara" ya kira ta, kuma yaransa na da ƴan fangalinsu na shuka. Sunan jardan daga nan ya zo mana.

Kayan aikin kusan kyauta ne, tsadar tana wajen malama. Ajin hadda mutum ɗaya na iya riƙe shi komai yawan yara. Ajin aikin hannu sai an raba su ƙungiya-ƙungiya, sai da mataimakiya, sai an daddanne bakin gwangwani kar ya yanke su, a sa ido kar wani ya tura wake a hanci, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. In malama ta zube musu ƙasa ta koma kan wayarta, to wasan ƙasa ne kawai, wanda ake yi a ƙofar gida ba tare da an biya ko dala ba. A wannan hali gara ta farkon.

Ni dai ta biyun zan zaɓa, da sharaɗin ki koma ba tare da kin sanar ba, da hantsi. Ki dubi ginin ajin da ƙofarsa. Tun gobarar Nuwamba 2021 da ta ci yara fiye da 20 a ajin zana a garin nan, ba na yarda a zaunar da ƙanana cikin rumfar kara. Sannan ki durƙusa kusa da yaro ɗaya ki ce masa, "Wannan na wa ne? Me ya same shi?" In ya ja hannunki zuwa bango yana nuna miki tsinkayensa, ki rubuta sunan ɗanki, ki tanadar masa tsohuwar riga ta sawa a kan ta makaranta.