Hattara da masu auna muƙamuƙi ta waya da sunan ƙirƙirarriyar basira

Jama'a, don Allah a yi hattara. Akwai wasu da ke talla a Facebook da WhatsApp, wai ka turo musu hoton eksiray na gefen kai, manhajarsu mai ƙirƙirarriyar basira za ta auna muƙamuƙinka nan take, "ɗari bisa ɗari, ba kuskure". Kana biya sai su aiko maka da robar gyaran haƙora, ba tare da wani likita ya leƙa bakinka ba.

Makon jiya wata uwa ta zo inda nake aiki da 'yarta mai shekara 14, riƙe da rahotonsu mai ado da launuka. Na tambaye ta wane hoto ta tura. Ta ce fim ɗin eksiray ɗin ta kara a jikin taga ta ɗauka da waya. Ko ma'aunin milimita da ke gefen fim ɗin bai fito ba. To da me aka auna? Wata biyu yarinyar na sa robar, haƙoran gaba biyu har sun soma girgiɗi. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Manhaja ta gaskiya akwai ta, muna ma aiki da ita. Awon kansa tsoho ne, tun 1931 Broadbent a Amurka da Hofrath a Jamus suka fito da shi: a sa ɗigo a sanannun wurare a ƙashin kai, a ja layi, a auna kusurwa. Manhaja ɗigon take sawa da sauri. Masu bincike suna lissafa ɗigo a matsayin daidai idan bai kauce fiye da milimita 2 daga inda ƙwararren likita ya sa nasa ba, kuma a kan samu kusan takwas cikin goma ne ke cika wannan sharaɗi. Manhajar ta fi tuntuɓe a bakin ramin kunne, da ƙasan kwarmin ido, da gwiwar muƙamuƙi, inda ƙashin dama da na hagu ke hawa kan juna a hoto. Kusurwar da ke nuna tazarar muƙamuƙin sama da na ƙasa kuwa wajen digiri 2 ce kacal ga daidaitaccen baki, kaucewar ɗigo ɗaya na iya sauya hukunci, har a kai ga cire lafiyayyen haƙori. Shi ya sa likita ke bin kowane ɗigo da idonsa, yana gyarawa.

Kafin ka biya, nemi sunan likitan da lambar lasisinsa, ka ce kana son ganinsa ido da ido. Na sa uwar ta tambaye su haka a gabana, nan take suka toshe lambarta. Wanda ya riga ya sa robarsu ya cire, ya je likitan haƙori ya duba saiwar haƙoran da dasashi.