Kejin ƙarfe da tampol a bayan Hilux: abin da na gani bayan damina biyu

Sana'ata ita ce kai taki, iri da injinan ban-ruwa ga manoman shinkafa a fadamun Kebbi, daga Birnin Kebbi zuwa Argungu da Augie, wani lokaci kuma har Suru da Bagudo. Motar da nake wannan aiki da ita Toyota Hilux ce mai ƙofa huɗu, kuma na shekara guda ina yawo da bayanta a buɗe kafin ruwan watan Agusta ya jiƙa mini buhunan takin yuriya a hanya, na ga ba makawa sai na rufe shi. Wannan bayani ne a kan aikin da wani mai walda a Birnin Kebbi ya yi mini, da dalilin da ya sa na zaɓi kejin ƙarfe mai tampol maimakon sauran nau'o'in rufin da na duba.

Na fara da duba shimfiɗaɗɗen murfi, wanda yake kwanciya daidai da bakin bodi, ana naɗe shi ko a ɗaga shi kamar murfin akwati. Yana da kyan gani, yana kuma ɓoye kaya daga idon mutane, amma zurfin bayan Hilux bai cika rabin mita ba, saboda haka duk abin da ya fi wannan tsayi, ko injin ban-ruwa ne da mesarsa ko buhuna hawa uku, ba zai bari murfin ya rufu ba. Ga ma'aikacin ofis mai ɗaukar jaka da kwali ya wadatar, ni kuwa ban daɗe a kansa ba.

Wanda ya ɗauki hankalina sosai shi ne rumfar da ke mayar da bayan mota kamar ɗaki, mai tagogi da ƙofa mai makulli. Akwai ta faiba, wato wata irin roba mai tauri, irin wadda kamfanin Carryboy na Tailan yake yi, akwai ta alminiyam irin ta Alu-Cab, da ta ƙarfen da ba ya tsatsa irin ta RSI SmartCap, waɗannan biyun kuwa daga Afirka ta Kudu suke. Ba na musun ingancinsu, kuma wanda yake ɗaukar magunguna, na'urori ko kayan da ake tsoron a sace ba shi da abin da ya fi su. Abubuwa biyu ne suka hana ni. Na farko kuɗi, domin kaya ne da ake shigowa da su da dala. Na biyu, wanda mutane ba su cika lissafawa ba, shi ne nauyi. Abin da aka ƙayyade wa irin wannan mota ta ɗauka bai wuce wajen tan ɗaya ba, kuma a cikin wannan tan ɗin har da direba, da fasinjoji, da duk wani ƙarfe da aka ɗaura mata. Idan mutum biyar suka shiga, kowannensu kilo 70, an riga an cinye kilo 350, wato buhun taki bakwai masu kilo 50. Rumfar kanta tana cin nata kason, tana kuma nan a kan mota ko da kaya ko babu, sauke ta kuwa aikin mutum uku ne ko huɗu. Ranar da za a ɗora babur ko dogon buhun albasa daga Aliero, ɗakin nan mai kyau sai ya zama cikas.

Da haka na je wurin mai waldar. Abin da ya fara burge ni shi ne bai yi mini maganar kuɗi ba sai da ya tambaye ni abin da na fi ɗauka. Ya ce, "Alhaji, faɗa mini kayan da kake ɗauka kullum, ba wanda kake ɗauka sau ɗaya a shekara ba." Ya auna bodin, ya ƙera keji da faif mai kusurwa huɗu, ƙafa uku a kowane gefe, ya kuma ƙi ya yi walda a jikin motar. Da noti ya ɗaure ƙafafun, ya sa roba a ƙarƙashin kowace ƙafa don kada ƙarfe ya ci fenti, ta yadda mutum biyu za su iya kwance kejin su sauke shi cikin ɗan lokaci. Tampol ɗin irin mai kaurin nan ne da ake rufe manyan motoci da shi, wani maɗinki da suke aiki tare ya yanka shi gida-gida, gefe biyu da baya kowanne ana naɗe shi sama a ɗaure da maɗauri. Sandunan sama mai waldar ya lanƙwasa su kaɗan, kuma sai da damina ta sauka na gane hikimar hakan, domin ruwa ba ya kwanciya a kan rufin, gangarewa yake yi. Tun daga lokacin ko buhu ɗaya bai sake jiƙewa ba.

Aikin bai rasa aibi ba, kuma wajibi ne in faɗa. Cikin wata na biyu, bayan tafiye-tafiye a kan burji mai gargada, waldar ƙafar gaba ta hagu ta tsage, saboda bai sa ƙarfen tokara a karkace ba, kejin yana ta rangaji gefe da gefe har ya gaji. Da na mayar masa bai yi gardama ba, ya ce kuskurensa ne, ya ƙara tokara a kusurwoyi huɗu bai karɓi ko sisi ba. Fentin kuma bai yi mini daɗi ba, domin ya fesa baƙi kai tsaye ba tare da jan fentin da ke hana tsatsa a ƙasa ba, kafin ƙarshen daminar farko wuraren walda duk sun yi ja. Wanda zai ba da irin wannan aiki ya tsaya a kan waɗannan biyun tun kafin a kunna injin walda.

Ƙura ita ce ta fi ba ni mamaki. Na zaci da an rufe sama an gama, sai hunturu ya zo na riƙa buɗe baya ina tarar da jar ƙasa ta lulluɓe komai. Ashe ba ta sama take shiga ba. Idan mota tana gudu, iskar da ke bayanta tana tsotso ƙurar da tayoyi suka tayar, ta cusa ta ta ɓarakar da ke gefe da ƙasan ƙofar baya. Wannan matsala ba ta bar rumfar ƙasar waje ba ma, shi ya sa ake yi wa wasunsu 'yar kafar iska mai fuskantar gaba don iskar ciki ta rinjayi ta waje. Mu dai robar ƙofa muka liƙa a kewayen, muka bar ɗan buɗi a gaban tampol, ƙurar ta ragu ƙwarai ko da yake ba ta ɗauke gaba ɗaya ba.

Ta fuskar kwana a waje kuwa, a nan na fi cin moriyarsa. Lokacin noman rani nakan kwana biyu ko uku a ƙauyukan fadama, kullum a cikin gari kuma da sanin mai gari, domin zamanin kwana a daji ya wuce. Tsawon bayan motar mita ɗaya da rabi ne da ɗan kai, bai isa babban mutum ya miƙe ba sai an saukar da ƙofar baya an shimfiɗa katifa har kanta. Sai in naɗe gefunan tampol, in ɗaura gidan sauro a kusurwoyin kejin guda huɗu, iskar kogin Rima tana ratsawa, sauro yana kuka a waje bai samu hanya ba. A watan Afrilu, lokacin da zafin rana yake haura digiri 40, rufaffiyar rumfa takan riƙe zafi har tsakar dare, wannan kuwa da magariba ta yi ya huce.

A saman kejin ya yi mini wurin ɗora kaya, kuma ina amfani da shi ne ga marasa nauyi kawai: tabarma, mesa, faif na roba. Sau ɗaya na ɗora jarkokin ruwa huɗu masu lita 25, kilo 100 ke nan a can sama, na ji yadda motar take karkata a kwana, daga ranar na mayar da su ƙasa, kusa da kan mota. Motar ma ta ƙara shan mai kaɗan a doguwar hanya, madubin tsakiya kuma ya daina amfani idan an saki tampol ɗin baya, kuma wuƙa tana iya yanka shi, don haka ba na barin kaya masu daraja a ciki idan na tsaya a kasuwar Jega. Duk da haka, da zan sake saye yau, wurin wannan mai waldar zan koma, sai dai in ce ya sa tokara da jan fenti tun daga farko, ya kuma rage tsayin kejin ya daidaita da rufin motar.