African Giant da Celia: shin da gaske an danne wa Burna Boy haƙƙinsa a Grammy ta 2020?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske zaluntar Burna Boy aka yi a shekarar 2020, lokacin da aka ba Angélique Kidjo kyautar Grammy ta kundin waƙoƙin duniya aka bar shi, ko kuwa son kai ne kawai yake sa mutane faɗin haka. Amsata a taƙaice: da ni ne mai jefa ƙuri'a, kundin Burna Boy, African Giant, zan ba. Amma kalmar zalunci ta yi nauyi, kuma yawancin masu furta ta ba su taɓa zama sun saurari Celia, kundin Kidjo, daga farko har ƙarshe ba. Ni na saurari duka biyun sau da yawa, shi ya sa nake so in ajiye maka su gefe da gefe.

An yi bikin ne ranar 26 ga Janairun 2020 a Los Angeles, karo na 62. Kundi biyar ne suka fafata a wannan rukuni. Ban da biyun da muke magana a kansu, akwai Gece na ƙungiyar Altın Gün mai zama a Amsterdam da ke sabunta tsofaffin waƙoƙin Turkiyya, da What Heat na Bokanté tare da Metropole Orkest, da Fanm d'Ayiti na Nathalie Joachim, wanda ta gina a kan waƙoƙin matan Haiti. Babu wanda yake jayayya a kan waɗannan ukun yanzu, ko da yake Gece ya cancanci a ba shi kunne. Rigimar tana tsakanin 'yan Afirka ta Yamma biyu ne, Kidjo haihuwar 1960 daga Jamhuriyar Benin, Burna Boy haihuwar 1991 daga Fatakwal.

Fara da tambayar waƙoƙin na wane ne. A nan bambancin a fili yake. Celia kundi ne na girmamawa. Kidjo ta ɗauko waƙoƙi 10 daga cikin waɗanda Celia Cruz, sarauniyar kiɗan salsa 'yar Kyuba da ta rasu a 2003, ta shahara da su, ta sake rera su. "Quimbara" ta fito tun 1974, "La Vida Es Un Carnaval" a 1998. Kenan an riga an gwada waƙoƙin a kunnen duniya shekaru da dama, an san suna da kyau. African Giant kuwa waƙoƙi 19 ne nasa na ƙirƙira, kowace a cikinsu za ta iya shiga ko ta faɗi. Wanda ya ƙirƙiro ya fi wanda ya sabunta ɗaukar kasada, kuma a wajena wannan maki ne babba ga Burna Boy.

Sai dai kada ka ɗauka maimaici Kidjo ta yi. Nan ne masu cewa "ai waƙar wata ta rera" suke kuskure. Ta sha faɗin cewa tana yarinya ta ga Celia Cruz a kan dandamali a Kwatano, ta ga mace tana jagorantar makaɗa maza, abin ya tsaya mata a rai. Abin da ta yi a kundin shi ne ta kama kiɗan Kyuba ta biyo da shi hanyar da ya bi ya tafi. Bayin da aka kwasa daga gaɓar tekun Benin da ƙasar Yarabawa, ta tashoshi irin su Ouidah, sun tafi da gangunansu da sunayen abubuwan bautarsu, kuma waɗannan sunaye suna nan da rai a Kyuba har yau. Shi ya sa za ka ga waƙoƙi masu suna "Elegua" da "Yemaya" a kundin. Idan Celia Cruz ta rera su, kana jin jikar waɗanda aka tafi da su tana tuna gida. Idan Kidjo ta rera su, kana jin wadda aka bari a gida tana amsa mata. Ta sassauta ƙarar kayan busa irin na salsa, ta sa ganga ta yi gaba, ta yadda waƙar da ka sani da rawar Havana sai ka ji ta da tafiyar Legas ko Kwatano. Wannan tunani ne cikakke, kuma ta riƙe shi daga waƙar farko har ta ƙarshe ba ta sake shi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne duka kundin biyu suna komawa gida ɗaya, gidan Fela Kuti. Makaɗin gangar da ke Celia shi ne Tony Allen, wanda ya yi shekaru yana kaɗa wa Fela, kuma da hannunsa aka ƙera kiɗan da ake kira Afrobeat. Ya rasu a Paris watanni uku bayan wannan bikin. Tare da shi akwai Meshell Ndegeocello a jitar bas, da masu busa na Gangbé daga Benin, da Sons of Kemet daga Ingila, David Donatien kuma shi ya tsara aikin. Burna Boy shi ma jikan Benson Idonije ne, manajan Fela na farko, kuma inuwar Fela tana cikin yadda yake jan murya da yadda yake sa kayan busa su yi masa amshi. Ɗaya ta kawo ainihin makaɗin Fela cikin sitidiyo, ɗayan ya gaji salon ya zuba shi cikin kiɗan kwamfuta na zamaninsa, akasari da hannun furodusa Kel-P.

To a nan ne kunnen mai sauraro yake rabuwa. Wanda ya saba auna kiɗa da hannun mutum, yadda makaɗi yake jinkirta bugu ɗaya ya gaggauta wani, zai ji Celia ya fi cika. Babu inda ganga take maimaita kanta daidai wa daida. Wanda kuma ya tashi da kiɗan da ake haɗawa a na'ura ya san cewa shi ma gwaninta ce, domin barin fili a cikin kiɗa, a rage kaya har murya ta samu wurin zama, ba kowa ya iya ba. Saurari "Anybody" ko "On the Low" ka ji yadda kiɗan yake tafiya a hankali ba ya hanzari, amma jikinka ba ya iya zama. Ban yarda ɗaya ya fi ɗaya daraja ba. Na dai san wanne ne tsofaffin makaɗa za su fi saurin ganewa.

Ta fuskar murya ba sai an ja magana ba. Kidjo ta fi ƙarfi da faɗi, tana kusan shekara 60 amma muryar tana tsaye kamar ƙaho, kuma ta yi waƙa da Sifaniyanci wanda ba harshenta ba ne. Burna Boy ba ya hawa sama, ƙasa-ƙasa yake bi, yana zamewa daga Turancin buroka zuwa Yarabanci zuwa salon Jamaika ba tare da ka ji gaɓar ba.

Inda African Giant yake da rauni shi ne tsawo. Ya kai kusan awa guda, Celia bai cika minti 40 ba. A cikin 19 ɗin akwai waɗanda da an cire su kundin ba zai yi rashi ba, musamman waɗanda aka gayyato mawaƙan Amurka irin su Future da YG. Kana ji ka san an sa su ne don a buɗe kasuwa. Haka kuma wasu daga cikin manyan waƙoƙin, "Gbona" da "On the Low" da "Killin Dem", sun riga sun fita watanni kafin kundin ya fito ranar 26 ga Yulin 2019, don haka wani zai iya cewa tarin waƙoƙin da suka yi tashe ne aka ɗaure wuri ɗaya. Celia ba shi da wannan matsala. Babu waƙar da za ka tsallake.

Amma inda yake da ƙarfi, ƙarfin ya wuce na Celia nesa ba kusa ba. African Giant yana magana ne da mutanen da suke raye a ranar da ya fito, a kan abin da yake damun su. "Another Story" ta buɗe da bayanin yadda Najeriya ta faro a matsayin harkar kasuwanci, yadda gwamnatin Birtaniya ta biya kamfanin Royal Niger fam 865,000 ta karɓi ƙasar da yake riƙe da ita. Matasa da yawa a wannan waƙar suka fara jin wannan labari, ba a aji ba. "Collateral Damage" tana zargin masu mulki da sata, tana kuma zargin talakawa da tsoron da ke sa su yin shiru. "Dangote" ta ɗauki attajirin da ya fi kowa kuɗi a Afirka ta ce shi ma bai daina nema ba, balle kai. Ko sunan kundin daga faɗa ya samo asali: da aka rubuta sunansa da ƙananan baƙaƙe a takardar tallan bikin kiɗa na Coachella da aka yi a Amurka a 2019, ya fito ya ce shi gwarzon Afirka ne, ba za a ƙanƙantar da shi ba. Mutane suka yi masa dariya a lokacin, shi kuma ya mai da maganar sunan kundi, kundin ya tabbatar da ita. Bayansa ƙofofin manyan dandamali na Turai da Amurka suka buɗe wa mawaƙan Najeriya ta yadda ba a taɓa gani ba. Celia kyakkyawan aiki ne da ya waiwayi baya. African Giant ya canza abin da ya biyo bayansa. A kan wannan na tsayar da ƙuri'ata.

To me ya sa bai ci ba? Sai ka san su wane ne masu zaɓen. Grammy ba ƙuri'ar masoya ba ce, ba a kuma ƙirga yawan saurare ko ciniki. 'Yan ƙungiyar Recording Academy ne suke zaɓe, wato mawaƙa da marubuta waƙa da furodusoshi da injiniyoyin sauti, mafi yawansu a Amurka, kuma ƙa'idarsu ta ce a duba ingancin aiki kawai. Duk hujjar da na kawo ta tasiri, a ƙa'idance ba ta cikin ma'auninsu. Sannan ga sabo. Kafin wannan rana Kidjo ta riga ta ci Grammy uku, da Djin Djin a 2008, da Eve a 2015, da Sings a 2016. Ta zauna a New York shekaru masu yawa, ta yi aiki da mutane da dama daga cikin masu jefa ƙuri'ar. Ƙara da cewa sunan Celia Cruz kansa abin girmamawa ne a wajensu. Mai zaɓen da bai samu lokacin sauraron kundi biyar ba, idonsa zai faɗa kan sunan da ya sani. Wannan ba maguɗi ba ne, amma ba daidai ba ne a ce filin a shimfiɗe yake.

Babban laifin ma a wajena na rukunin ne kansa. Tun da aka ƙirƙiro shi a 1992, kwando ne da ake zuba duk abin da ba na Turawan Yamma ba. Ali Farka Touré ya ci a 1995 tare da Ry Cooder, Tinariwen sun ci a 2012, Soweto Gospel Choir sun ci a 2019 a shekarar da Seun Kuti yake cikin 'yan takara. Ta yaya za a auna kiɗan jitar Sahara da waƙar coci ta Afirka ta Kudu da kiɗan rawa na matasan Legas da ma'auni ɗaya? Babu wanda zai haɗa kiɗan jaz da na rap a rukuni guda a Amurka, amma an haɗa nahiyoyi uku an ce su fitar da gwani ɗaya. Masu shirya Grammy su ma sun ga alamar matsalar. A ƙarshen 2020 suka canza wa rukunin suna, a 2021 suka rushe kwamitocin sirri da ke tace 'yan takara, a 2024 kuma suka fara ba da kyauta ta musamman ga waƙar Afirka, wadda Tyla ta fara ci. Amma wannan ta waƙa ɗaya ce. Kundi har yanzu yana cikin kwandon nan.

Abin da ya faru bayan nan ya ƙara min tabbaci cewa sabo yana aiki. A Maris 2021 Burna Boy ya ci kyautar da Twice as Tall, kundin da ya buɗe da waƙar da yake faɗin yadda rashin Grammy ya yi masa ciwo, mawaƙin Senegal Youssou N'Dour yana yi masa rakiya. Kundi ne mai kyau, ya fi tsari, an kuma yi shi da ido a kan masu zaɓe. Amma ni ban taɓa jin ya kai African Giant rai ba. Sunan ne ya riga ya zauna a kunnensu, sai suka biya a 2021 abin da ya kamata su biya a 2020. Shekara guda bayan haka Kidjo ta sake ci da Mother Nature, Wizkid da Made in Lagos ya tashi hannu rabbana, aka sake tayar da irin wannan ƙura.

Abu ɗaya da yake ba ni takaici a duk wannan muhawara shi ne yadda wasu suka riƙa zagin Kidjo kamar ita ta ƙwace wani abu. Matar da ta hau dandamali a ranar nan ta ɗaga kyautar ta ce ta sadaukar da ita ga Burna Boy, ta tuna wa zauren cewa shekaru huɗu da suka wuce ta gaya musu sabon jinin mawaƙan Afirka yana tafe. Kuma muryarta tana cikin African Giant ɗin kansa, a waƙar "Different" tare da Damian Marley, kamar yadda muryarsa take cikin Mother Nature. Idan kana da minti goma yau, sa "Quimbara" tata ka bi hannun Tony Allen a kan ganga, sannan ka sa "Different" ka jira inda take shigowa can wajen ƙarshe. Bayan nan ka dawo ka gaya min wanne za ka ba.