Hitar Sauna Harvia Vega BC60: Ga Wa Ta Dace, Kuma Ina Hatsarin Yake?

Duk wanda ke shirin haɗa ɗan ɗakin sauna a gidansa, wato ɗakin da ake zama cikin zafi da tururi a yi zufa, da wuya ya gama bincike bai ci karo da Vega BC60 ba. Hita ce ta lantarki mai kilowat 6 da ake kafawa a bango, ƙirar kamfanin Harvia na ƙasar Finland wanda ya soma aiki tun 1950. An yi ta ne domin ɗaki mai girman mita kubik 5 zuwa 8, kuma tana ɗaukar duwatsu kusan kilo 20, waɗanda ake zuba wa ruwa in sun yi zafi su ba da tururi. Ba ta da allo, ba a sarrafa ta da waya. Makunni biyu ne kawai na murɗawa, ɗaya na lokaci, ɗaya na zafi. A ganinmu hita ce mai sauƙin sha'ani da ta ishi ƙaramin iyali, muddin an auna ɗaki daidai, an jera duwatsu yadda ya kamata, kuma mutanen gidan sun san halin makunnin lokacin nan.

A wajen auna ɗaki ake fara yin kuskure. Mutum zai auna tsawo mita 2, faɗi mita 1.5, tsayi mita 2.1, ya samu mita kubik 6.3, ya ce ai hitar ta yi. Amma akwai ƙarin lissafi. Duk murabba'in mita ɗaya na gilashi, tayil, bulo ko siminti da ba a rufe da abin tare zafi ba, ana ƙara masa mita kubik 1.2, domin irin waɗannan suna shanye zafi. Ƙofar gilashi kaɗai ta wuce murabba'in mita ɗaya, ka ga ɗakin ya kusa 8 ke nan. In aka ƙara bangon tayil mai murabba'in mita 2, an haura 10, BC60 ta yi kaɗan, sai yayarta BC80. Hitar da ta yi wa ɗaki kaɗan ba ta hutawa, ƙarafan cikinta su gaji da wuri, ɗakin kuma ya ƙi yin zafi. Wadda ta yi yawa ita ma ba alheri ba ce: iska za ta yi zafi kafin duwatsu su ɗauka, hitar ta kashe kanta, ka zuba ruwa ya zarce ƙasa ba tururi. In lissafi ya yi daidai, cikin kamar awa guda ɗaki da duwatsu suke kaiwa tare.

Haɗa wuta aikin ƙwararren mai wayarin ne, ba hitar da ake soka wa soket ba ce. Kilowat 6 a kan layi ɗaya na bolt 230 yana jan amfiya 26, a layi uku na bolt 400 kuwa kowane layi bai kai 9 ba. Wayar da ke shiga hitar ta zama mai rigar roba mai jure zafi, irin H07RN-F, domin mai rigar PVC zafi yana busar da ita ta tsattsage. Akwatin haɗa wayoyin kada ya wuce santimita 50 daga ƙasa, inda iska ta fi sanyi. Tazarar da za a bari tsakanin hitar da katakon bango, benci da silin tana rubuce a takardarta, ba a rage ko kaɗan don neman wuri. Katakon da ke shan zafi shekara da shekaru yakan yi baƙi ya bushe ƙayau, har ya kai ga kama wuta a zafin da sabon katako ba zai kama ba.

Sai duwatsu, kuma a nan ne masu hita da yawa ke kashe ta da hannunsu. Ana son dutse mai duhu, mai nauyi, mai kaifin gefe, girman santimita 5 zuwa 10, wanda aka tanada musamman domin sauna. Dutsen da aka tsinto a bakin rafi yana iya ɓoye ruwa a cikinsa ya fashe. A wanke ƙurar duwatsun, a jera su ɗaya bayan ɗaya tsakanin ƙarafan zafin, sakwa-sakwa, ta yadda dutse zai hau kan dutse, nauyin bai sauka kan ƙarfen ba. Kada a cusa da ƙarfi, kada a tula su sama kamar dala, kuma kada a bar ƙarfe ko ɗaya a fili. Dalilin shi ne iska ce ke shiga ta ƙasan hitar, ta bi ta ramukan da ke tsakanin duwatsu, ta kwashi zafi ta fita ta sama. In aka toshe mata hanya, zafin ya taru a ciki, ɗaki ya yi sanyi, ƙarafan su ƙone. Ko an jera da kyau, zafi da ruwa suna farfasa dutse a hankali, ɓaraguzai su zube su cike ramukan. Shi ya sa aƙalla sau ɗaya a shekara ake kwashe su duka, a share tsakuwar da ta taru, a zubar da waɗanda suka tsage.

Hitar tana da abin kariya da ke yanke wuta idan zafi ya wuce kima, da ɗan maɓallin da ake dannawa a dawo da ita. Wanda ya ga ta yanke ya danna kawai ya ci gaba, ya yi wa kansa. A bari ta huce, a duba duwatsu da hanyar iska tukuna.

Makunnin lokaci shi ne abin da ya fi burge masu saye, kuma shi ne ya fi bukatar hattara. Kashi biyu ne a jikinsa. Na farko, har awa 4, hitar tana kamawa nan take. Na biyu, har awa 8, jira ne: ka murɗa ka fita, in lokacin ya cika ta kunna kanta ba kowa a wurin. Daɗinsa ka dawo ka tarar ɗaki ya yi zafi. Sharrinsa, ita ba ta san an ɗora mata tawul ba. Yawancin gobarar sauna ta lantarki daga nan take tashi: an shanya kaya a saman hitar igiya ta saki, ko an mai da ɗakin ma'ajiyar kwalaye da katifu, yaro ya zo ya murɗa makunni. Ƙa'idar ba ta da wuya. Ba a murɗa makunnin sai an shiga an duba da ido, ba a shanya a ɗakin sauna ko hitar na kashe, ba a ajiye komai a ciki. Gidan da ke da ƙananan yara ya fi dacewa da samfurin BC60E, wanda ba shi da makunni a jiki, ana sarrafa shi da na'ura dabam da za a kafa a waje. Bayan an gama kuma a mayar da makunnin kan sifiri, a tabbatar ta mutu.

Ta fuskar tururi, kilo 20 ba duwatsu masu yawa ba ne. Suna saurin zafi, suna saurin hucewa, tururinsu yana zuwa da kaifi ya wuce da sauri. Mai son tururi mai laushi da daɗewa sai ya nemi dogayen hitocin nan masu cin duwatsu da yawa. A wannan, ludayi ɗaya da bai wuce mililita 200 ba ya isa, a zuba a hankali, a jira. In aka kwara da yawa, ragowar ruwan yana tafasa ya fantsamo. Ba a zubawa alhali wani na kusa da hitar. Ruwan ya zama mai tsabta irin na sha. Na gishiri ko mai sinadarin kulorin yana cin ƙarfe, mai yawan alli kuma yana barin farin ɓawo a kan duwatsu. Man ƙamshi ba a ɗiga shi kai tsaye a dutse, don yana iya kamawa da wuta, sai an tsarma a bokiti.

Kada a raina tururi. Digiri 80 a busasshiyar iska jiki yana jurewa saboda zufa tana bushewa tana sanyaya fata, amma da danshi ya ƙaru wannan hanya ta toshe. A gasar juriyar sauna ta duniya da aka yi a garin Heinola na Finland a 2010, ɗaki yana digiri 110, ana zuba rabin lita kowane daƙiƙa 30. Cikin minti shida ɗan takarar Rasha ya rasa ransa, na Finland ya ƙone sosai, daga nan aka daina gasar. A gida digiri 65 zuwa 80 ya wadatar. Sabon shiga ya zauna a bencin ƙasa minti 5 zuwa 10, wanda ya saba kada ya wuce 15 zuwa 20 a zama ɗaya, ya fita ya huce kafin ya koma. Zama ɗaya yana fitar da zufa kusan rabin lita, bugun zuciya ya haura 100 a minti, jijiyoyin fata su buɗe, jini ya sauka. Shi ya sa wanda ya miƙe zumbur jiri ke ɗibarsa, ga hita a gefe tana jira. A tashi a hankali, a yi wa hitar shingen katako, a cire sarƙa da zobe, a sha ruwa kafin shiga da bayan fita. Jiri, tashin zuciya ko ciwon kai na nufin a fita yanzu.

Akan ambaci binciken da aka wallafa a 2015 kan maza 2,315 na gabashin Finland da aka bi kusan shekara 20, inda masu shiga sau 4 zuwa 7 a mako suka fi ƙarancin mutuwar farat ɗaya ta zuciya. Sai dai mutane ne da suka tashi da sauna tun ƙuruciya, kuma binciken alaƙa ya nuna, bai mai da ita magani ba. Wanda bai daɗe da samun toshewar jijiyar zuciya ba, mai ciwon ƙirji da ke taso masa ko yana zaune, da mai tsananin ƙuncewar ƙofar babbar jijiyar zuciya, ba nasu ba ne. Mai juna biyu, mai sikila, mai farfaɗiya, da mai shan maganin hawan jini ko na sa fitsari, su ji ta bakin likita. Mai zazzaɓi ya haƙura. Giya da maganin barci kuwa ba sa haɗuwa da sauna sam, domin mutum barci zai yi a benci hitar na ci.

Abu biyu da ba sa zuwa cikin kwalin hitar, amma ba ta aiki lafiya sai da su: ƙofa da iska. Ƙofar ta buɗe zuwa waje da turawa ɗaya, ba sakata ba makulli, marikinta na katako. Iskar ɗakin kuma ana son ta sauya kamar sau shida a awa. Mashigarta ta kasance kusa da hitar, bututu mai faɗin santimita 5 zuwa 10, mafitarta a can nesa kusa da ƙasa, ninki biyu na mashigar. Ɗakin da aka toshe ruf don "kada zafi ya fita" shi ne mutum ke fitowa daga cikinsa da nauyin kai. Bayan wanka a bar mafitar da ƙofar a buɗe, a ɗaga tabarmin ƙasa, ragowar zafin duwatsun zai busar da bencin.