Ɗakin binciken da ya tantance mini shekarun farin dutsen Kalambaina

A watan jiya na karɓi rahoton wani ɗakin bincike mai zaman kansa da na kai wa samfur shida na farin dutsen Kalambaina, kusa da Sakkwato, wanda ake ƙonawa a yi siminti. Buƙatata ita ce a faɗa mini zamanin da kowane shimfiɗin dutsen ya kwanta.

Tun ranar farko ma'aikacin da ya karɓe ni ya bayyana cewa gwajin kabon, wato auna sinadarin kabon da ya rage a abu don sanin shekarunsa, ba shi da amfani a nan, domin iyakarsa kusan shekara 50,000 ne, dutsen kuwa shekarunsa miliyoyi ne. Sai suka yanka kowane samfur, suka liƙa shi a gilashi, suka goge har kaurinsa ya koma milimita 0.03, yadda haske ke ratsa shi. Da na leƙa ta madubin ƙara girma na ga ɓawon ƙananan halittun teku da ake kira foraminifera, wasu ba su kai ƙwayar gero ba, ɗakunansu a jere suna naɗe kamar gammo. Da waɗannan halittu ne masu binciken suka sanya dutsen a zamanin Paliyosin, tsakanin shekara miliyan 66 da miliyan 56 da suka wuce.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne ba su dogara da burbushin halittun kaɗai ba. Sun nuna cewa shimfiɗar daskararriyar laka da ake kira Dange tana ƙarƙashin wannan dutse, wadda ake kira Gamba kuma tana samansa, sannan suka gwama shi da farin dutsen Ewekoro na jihar Ogun da makamantansa a Nijar da Mali, inda ake samun halittu masu kama da juna saboda tekun da ya taɓa ratsa Sahara. Samfur na shida ruwa ya riga ya cinye shi, kuma sun rubuta ƙarara cewa ba za su ba shi shekaru ba. Wannan gaskiya ta ƙara musu daraja a idona.

Sai dai sun yi alkawarin mako uku, aikin ya kai bakwai, kuma hotuna biyu ba su da ma'aunin girma, har sai da na koma aka gyara. Duk da haka zan sake kai musu aiki, amma wanda zai je ya rubuta wuri da zurfin kowane samfur a jikin ledarsa, domin shi ne abin da za su fara tambaya.