Waya, Garmin ko RTK: wanne za ka saya don aikin taswira a Legas?

Kafin ka nufi Computer Village a Ikeja, ka fara sanin kuskuren mita nawa aikinka zai iya ɗauka, domin shi ke yanke kuɗin da za ka kashe.

Idan aikin shi ne sanya shaguna, rijiyoyin burtsatse ko masallatan Agege da Idi-Araba a taswira, wayar Android ta wadatar. Sa mata manhajar QField, ka tattara bayanai, ka kwashe su zuwa manhajar taswira ta QGIS a kwamfuta. Kuskurenta yakan kai mita 5 a sarari, ya fi haka a Marina, inda dogayen gine-gine ke karkatar da siginar tauraron ɗan'adam. Garmin eTrex, GPS na hannu, bai fi waya daidaito sosai ba. Abin da kake saya a wurinsa juriya ce: batir AA biyu, kuma ruwan damina ba ya kashe shi.

Iyakar fili kuwa, ba aikin waɗannan biyun ba ne. Fuloti mai ƙafa 60 da 120 faɗinsa kusan mita 18 ne. Kuskuren mita 5 ya isa ya shigar da katangarka cikin filin maƙwabci. Nan sai RTK, GPS na masu safiyo mai auna har santimita, wanda ke buƙatar na'ura ta biyu a kafe ko bayanan gyaran sigina ta intanet. Tsadarsa ta sa haya ta fi wa mai aiki jefi-jefi. Kuma ko ka mallake shi, takardar safiyo sai da sa hannun mai rajista da SURCON, hukumar masu safiyo ta Najeriya.

A manhaja, QGIS kyauta ce kuma tana tafiya a kwamfuta mai RAM 8GB. ArcGIS Pro na Esri sai da lasisi, Windows kaɗai, kuma yana son na'ura mai ƙarfi. Kada ka saye shi sai wanda ya ba ka aiki ya nema.

Inda aka fi yin asara shi ne tsarin lambobin da ke nuna matsayin wuri a taswira. Legas tana shiyya ta 31N a tsarin taswira na UTM, amma waya da Garmin suna ba da lambobi a ma'aunin duniya na WGS 84, takardun safiyo kuwa galibi a ma'aunin Najeriya ne mai suna Minna. Ka haɗa su ba tare da juyawa ba, sai fili ya goce da sama da mita 100, a ɗora wa na'ura laifi. A QGIS, lambar zaɓen WGS 84 ita ce EPSG:32631, ta Minna 26331. Tun a shago ka sa mai sayarwa ya nuna maka inda ake sauya wannan a na'urar.